Ƙugiya a Akwatin Gulma

Ruwan ya shigo fadamar Zauro da hantsin Talata, sama tas, babu ko gutsuren hadari. Daga nesa ya taho, daga inda aka kwana uku ana sheƙa shi, ya cika kwarin Rima ya haye shinkafar da aka fara yanka. Kwale-kwale ɗaya ya tarar a tsakiya ya kife shi. Mutum bakwai ne a ciki, uku suka fita. Cikin huɗun da ba su fita ba akwai Sadatu, wadda ta ɗauko abinci za ta kai wa masu yanka a gonar da mahaifinsu ya bar musu.

Ambaliya ba baƙuwa ba ce a Zauro. Abin da ya sa wannan ta zama laifi shi ne akwatin. Shekara biyu ke nan ƙungiyar manoman fadama ta kafa wani ƙaramin akwati mai aiki da hasken rana a bakin ruwa kusa da garin Gulma, da sandar awo tsome a cikin kogi. In ruwa ya kai jan layi, akwatin zai tura saƙo zuwa wayoyin manoma sama da dubu biyu. Daga Gulma zuwa Zauro ruwa kan yi fiye da rabin yini a hanya, lokacin da ya isa kowa ya janye iyalinsa. Wannan karon ko waya ɗaya ba ta yi kuka ba.

Ranar Laraba samari suka je Gulma, suka tarar da wasu wayoyin caji guda biyar a jone jikin batirin akwatin. Mai gadinsa wani tsohon masunci ne, Ɗantsoho. Ba su tsaya tambaya ba, suka cinna wa jirginsa wuta. Kwamitin ƙungiya ya zauna ya yanke cewa da zarar an yi addu'ar bakwai za a miƙa shi ga 'yan sanda, shi ne ya shanye wutar akwati ya kashe mutum huɗu.

Wadda ta rubuta manhajar akwatin ita ce Ɗayyaba, yayar Sadatu. Mahaifinsu marigayi Riskuwa mai bin sawu ne, wanda a zamaninsa in aka sace saniya tsakanin Augie da Zauro ƙofarsa ake bugawa. Ita kwamfuta ta karanta, amma har yau tsofaffi ba su kiranta Injiniya sai in da baƙo a wurin. Ɗiyar Riskuwa suke cewa.

*

A zaman makoki Inna, mahaifiyarsu, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Sai da ɗaki ya rage su biyu ta kama hannun Ɗayyaba.

"Ta duba wayatta kahin ta hita," in ji Inna. "Nac ce mata ruwan ga ban yarda da launinai ba. Tac ce, Inna, in da ruwa da abin su Yaya ya yi kuka. Ta aje wayar bisa turmi don kada ta jiƙe, tat tahi."

Ɗayyaba ta zare hannunta. Ta fita tsakar gida don kada Inna ta ga fuskarta.

A zaure ta hangi Shafi'u, mijin Sadatu, zaune jikin bango. Ita ce ta koya masa rubuta manhaja tun yana ɗalibi, a gidansu ya ga Sadatu, tare kuma suka kafa akwatin nan. Kwana uku ke nan bai ci abin kirki ba. Mutane na shigowa suna masa gaisuwa, yana amsawa da kai. Wayar matarsa na hannunsa, yana juya ta.

Kusa da shi Alhaji Hodi Tamba ne, shugaban ƙungiya, cikin babbar riga fara, yana karɓar gaisuwa kamar shi aka yi wa mutuwar. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, akwatin nike so a ba ni."

"Ɗiyata, mi za ki yi da shi? Abu ya riga ya hwaru, haka Allah yas so. Mai laihi kuma mun gane shi."

Kwana uku tana jin wannan magana daga baki zuwa baki. Ta yarda da ƙaddara kamar kowa, amma ta lura a garin nan an fi saurin ambatonta a daidai inda ya kamata a yi tambaya.

"In batir na, zan gani in hwaɗa. In kuma aikina na yak kashe ƙanwata, ina so in sani da kaina."

Alhaji ya dube ta ya dubi jama'ar da ke saurare. Da ma akwai 'yar tsama tsakaninsu. A watan Agusta tarin kainuwa ya danne sandar awo, akwatin ya yi kukan ƙarya, wasu suka yanke shinkafa ɗanya, aka tare Alhaji da baƙar magana a ƙofar masallacin Juma'a. Ya nemi Ɗayyaba ta gyara yadda saƙo zai riƙa biyowa ta wurinsa tukuna. Ta gyara matsalar kainuwa, ta ƙi ɗaya buƙatar, ta ce ruwa ba ya jiran sa hannun kowa.

"A ba ta," in ji shi daga ƙarshe. "Amma ran bakwai ki maido shi, shaida na."

Shafi'u bai ɗago kai ba.

*

Ɗayyaba ta sami Ɗantsoho a Gulma zaune gefen gawayin jirginsa, yana ɗinke tarun da ba shi da abin kai shi ruwa. Matarsa Salamatu na tsaye bakin ƙofa da taɓarya a hannu, ko da samarin za su dawo.

"Baba, sannu da gida."

"Ɗiyar Riskuwa. Allah shi jiƙan ƙanwarki. Kin zo ki ga ɓarawon wuta?"

"Na zo in ji daga bakinka."

"Caji kam na yi, ba ni ƙarya da hurhura. Matan unguwa ka kawo min, ban taɓa amsar ko kwabo ba. Amma sai rana ta take, kamar yadda mijin ƙanwarki yac ce min ba komi. Ran Litinin da la'asar ina nan zaune ruwa yat taɓa jan layi. Da idona nig ga hitilar ga koriya ta ƙihta sau ukku. Ke da bakinki kinka ce min in ta ƙihta sau ukku, saƙo ya tahi."

"Haka nac ce."

"To sai nit tashi niy yi alwala da kwanciyar rai. Har nac ce ma Salamatu, yau mutanen Zauro sun tsira." Ya ajiye allurar. "Da ban yarda da hitilar ba, da na hau mashin ɗin wani na zo da kaina. Shi ad damuwata, ba jirgi ba."

"Ka hwaɗa ma kwamiti haka?"

Salamatu ce ta amsa daga ƙofa. "Wa as saurare shi? Cewa sunka yi tsoho na, idonai ya mutu. Mutumen da ka ganin giwan ruwa tun tana ƙasan ciyawa."

*

Mutum uku ne suka san mabuɗin sirrin shiga akwatin: ita, Shafi'u, da Jamil Faruk, wani Bakano mai shagon kayan sola a Argungu, wanda ya haɗa wuta da layin waya. Ya bar aikin ƙungiyar bayan rikicin Agusta, kuma tuni wasu suka fara raɗa cewa haushi ne ya sa ya lalata abin kafin ya tafi.

Ta tarar da shi yana gwada wata fanka. Ya yi mata gaisuwa, ya jawo mata kujera.

"Na san abin da ya kawo ki, Injiniya. Duba nan." Ya nuna mata wayarsa. "Layin akwatin da ransa, ni na sabunta shi a Yuli har na shekara guda. Sabis kuma ranar Litinin lafiya lau, daga Gulma wani ya kira ni kan gyaran solarsa da yamma. Batun caji kuwa, ko waya ashirin tsohon nan ya jona da rana, batirin ba zai ji ba. Na faɗa wa Alhaji haka tun ranar Laraba."

"Kai ka hwaɗa mai?"

"Na faɗa masa, ko na hwaɗa mai, yadda kuka fi so. Shekara shida ina garin nan bakina ya ƙi juyawa." Ya yi ɗan murmushi, ya ga ba lokacinsa ba ne, ya haɗiye. "Cewa ya yi in kama harkar gabana, ni baƙo ne."

"Don mi ka bar aikin?"

"Don an zage ni a kan kainuwa, abin da ba ni na shuka ba. Tun ranar ban sake taka Gulma ba, ki tambayi tsohon."

Ta riga ta tambaya. Ɗantsoho ya ce bayan Agusta mutum ɗaya ne ya zo ya buɗe akwatin, shi ma don duba lafiyarsa, kuma na gida ne. A lokacin ba ta ɗauki maganar da nauyi ba, aikin Shafi'u ne ya riƙa zagayawa.

*

Ranar Lahadi da safe ta shimfiɗa tabarma a barandar gidanta a unguwar Gesse cikin Birni, ta ajiye akwatin, da kwamfuta, da bokitin ruwa.

Ta fara da abin da ya fi sauƙi. Akwatin kan rubuta duk lokacin da wuta ta ɗauke masa. Tun Yuni bai mutu ko sau ɗaya ba. Wannan kaɗai ya isa ya wanke Ɗantsoho ga mai son gaskiya, amma ta san kwamiti, sai sun ga wanda za su sa a gurbinsa. Ta duba hatimin da ta sa wa manhajarta, wanda in aka canza ko harafi ɗaya akwatin ba zai tashi ba. Hatimin na nan yadda ta bar shi. In ba wuta ba ce, ba layi ba, ba a kuma taɓa rubutun ba, saura ita.

Ta cire jerin lambobin manoma ta sa lambarta ita kaɗai, don kada ta tayar da gari. Ta kunna akwatin ta tsoma sandar awo cikin bokiti har ruwa ya wuce jan layi. Koriyar fitila ta ƙifta sau uku. Ta zuba wa wayarta ido. Shiru.

Tsohon bai yi ƙarya ba.

To sai bin sawu. Umarnin da ta rubuta ba kai tsaye yake magana da ƙarfen akwatin ba. A ciki akwai wani inji wanda shi ma manhaja ce, aikinsa ya karanta umarninta layi bayan layi yana aikatawa, kamar mai karatu yana bi da yatsa. Waɗanda suka ƙera injin sun bar wani gurbi inda mai gyara zai rataya ɗan guntun umarni nasa. Duk sa'ad da injin ya taka sabon layi, ko ya shiga wani aiki, ko ya fito, sai ya taɓa wannan guntun tukuna. Masu sana'ar ƙugiya suke kiransa, kuma sunan ya yi wa Ɗayyaba daidai, 'yar bakin kogi. Da ƙugiya mutum ke ganin kowane taku na injin, da abin da yake riƙe da shi a lokacin.

Ta jona kwamfuta ta rataya tata, ta sake tsoma sanda. Sawu ya fara zubowa a fuskar kwamfuta: layi na arba'in, an karanta awo, na hamsin da biyu, an sake karantawa sau uku saboda kainuwa, na tamanin da bakwai, an shiga aikin tura saƙo, da lambarta a hannu. Fitila ta ƙifta. Wayarta ta yi kuka.

Ta kashe akwatin ta kunna, ta gwada babu ƙugiya. Fitila sau uku, waya shiru. Ta rataya ƙugiya. Waya ta yi kuka, sawu cikakke babu inda ya karkace. Ta maimaita har ruwan bokiti ya jiƙa rabin tabarma. In tana kallo, abin ya bi hanya kamar na kirki. In ta kau da ido, ya ɓace.

Wajen azahar wayarta ta yi ƙara, ba saƙo ba, kira. Alhaji Hodi ne.

"Ɗiyata, wasan ga da kike da akwati ya isa haka nan. Kayan shaida na, kada ki ɓata shi. Ki kashe shi ki aje har gobe."

"To, ranka ya daɗe."

Ta yi salla ta dawo ta zauna, kanta na sarawa. Nan ne ta tuna wata safiya tana 'yar shekara tara, mahaifinta ya tafi da ita bin sawun wata karsana a bayan Zauro. Ta riga shi gaba da murna, tana nuna masa kofato a cikin laka. Ya damƙo ta ta wuyan riga ya mayar da ita gefe. "Matsa nan, kina take abin da munka zo nema." Ashe a kan sawun saniyar akwai na takalmin wanda ya ja ta, ita kuma ta bi ta kai da ƙafarta ta shafe. Shi bai taɓa tafiya a kan sawu ba, kullum ta gefe yake bi.

Ta dubi kwamfutar. Gurbin ƙugiya a injin nan guda ɗaya ne tak. Ta san haka tun tana makaranta, ta kuma koyar da shi. In ka rataya taka, duk wadda ke wurin ta faɗi. Tun safe take taka abin da ta zo nema.

Ta kashe akwatin ta kunna. Wannan karon ba ta rataya komai ba. Tambaya ɗaya ta yi wa injin: akwai abin da ke rataye a gurbin? Ya kamata ya ce babu.

Ya ce akwai.

An ɓoye ta a ɗan fayil ɗin da akwatin ke karantawa in zai tashi, inda ake sa tsawon jan layi da lambar layin waya. Ɗayyaba ba ta sa wa wannan hatimi ba, don sauƙin gyara a bakin kogi. Layi tara ce duka. Tana laɓe a bakin aikin tura saƙo. Da injin ya shiga, sai ta karɓe jerin lambobin da ke hannunsa ta damƙa masa lamba ɗaya. Saƙo ya tafi, fitila ta ƙifta da gaskiyarta. An rubuta ta kwana uku bayan kukan ƙaryar Agusta.

Sai a lokacin kiran da Alhaji ya yi mata da azahar ya dawo mata. Tana Gesse, ƙofa a rufe. Ta yaya mutumin da ke Zauro ya san tana tsoma sanda a bokiti?

Ta koma kan sunan da marubucin ya raɗa wa ƙugiyar. Da haruffan kwamfuta marasa lanƙwasa ya rubuta: hwada_ma_alhaji. Bakano ba zai rubuta haka ba. Ita kuma ba ta rubuta ba. Ta san wanda ke sa wa ayyukansa suna da harshen gida, don sau nawa tana masa dariya a kai, Sadatu na tare masa.

Ta rufe kwamfutar a hankali. Ta daɗe zaune a kan jiƙaƙƙiyar tabarma, sannan kukan da ta riƙe kwana biyar ya zo.

*

Bayan addu'ar bakwai, da hantsi, aka taru a rumfar ƙungiya. 'Yan sanda biyu na kan benci suna jira. An kawo Ɗantsoho daga Gulma, Salamatu na bayansa. Jamil ya zo don Ɗayyaba ta roƙe shi. Dangin mamatan huɗu sun cika gaba, Shafi'u a ƙarshen tabarma. Tun da safe Ɗayyaba ta sa mai unguwa ya yi shela cewa za a gwada akwati, duk wanda ya ga saƙo kada ya firgita.

Alhaji Hodi ya fara jawabi kan haƙuri. Ta bar shi ya kai aya, sannan ta ɗora akwatin a kan tebur, ta ajiye bokiti a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, kahin a tahi da Baba, alhwarma guda nike roƙo. Kowa ya hiddo wayatai ya aje gabanai. Na maida lambobin kowa ciki, akwatin na nan yadda yake ran waccan Litinin."

Aka yi ta gunaguni, amma aka fito da su, manya da ƙanana, masu tsagaggen gilashi da masu ɗaurin roba. Alhaji ya ce tasa tana mota.

"A'a Alhaji, ga ta nan aljihunka tana leƙe," in ji wani dattijo, wanda jikarsa na cikin mamatan. "Hiddo ta, mu ma mun hiddo."

Ya fito da ita ya ajiye a gefen tebur.

Ɗayyaba ta tsoma sandar. Ruwa ya haye jan layi. Koriyar fitila ta ƙifta, ɗaya, biyu, uku.

"Kun gani," in ji Ɗantsoho a hankali.

Wayoyi sama da sittin na kwance a kan tabarmi, babu wadda ta motsa. Sai guda ɗaya, a gefen tebur, ta haska ta yi kuka.

Dattijon ya miƙa hannu ya ɗauki wayar, ya ba ɗansa mai karatu. Ɗan ya karanta saƙon yanzu, ya ja sama ya wuce na jiya guda goma sha ɗaya, ya tsaya. "Litinin, ƙarhe huɗu da minti goma sha biyu na yamma. An buɗe shi."

"Na gani," in ji Alhaji, muryarsa ta sauka. "Ina wurin walima Birni, cikin baƙi. Nac ce in an watse in kira Gulma in tabbata. Kun manta Agusta? Wa anka zaga ƙohwar masallaci? Ni. Nac ce mu ga sahiya tukuna."

"Sahiya ta zo, Alhaji," in ji dattijon. "Mun gan ta."

"Kuma kwana bakwai kana kallo ana ƙone jirgin tsoho," in ji Salamatu.

Wani daga baya ya tambaya yadda aka yi saƙon mutum dubu biyu ya koma aljihun mutum ɗaya. Ɗayyaba ta yi ta shirya amsar tun jiya, amma ta kasa duban ƙarshen tabarma.

"Ni na."

Shafi'u ne. Ya miƙe yana dafa ginshiƙi.

"Ni nis sa ƙugiyar. Alhaji yak kira ni gidanai, yac ce ba a yi mai adalci ba, gari shi ji labari kahin shugaba. Yac ce minti biyar kawai, shi gani, shi ba da izni. Na san Yaya ba ta yarda, shi yas sa ban taɓa rubutunta ba, nib bi ta baya." Ya dubi Ɗayyaba. "Yaya, ke kinka koya min ita. Kinka ce don gyara a kai, in an gama a cire."

"Don mi ba ka sa lambarka ba?" in ji Ɗayyaba. "Layi guda na, Shafi'u. Ko taka. Ko ta Sadatu."

"Na yi niyya. Har na rubuta. Sai yac ce shi kaɗai." Ya dubi ƙasa. "Sai nig ga kamar raini na, babba ya ce shi kaɗai in ƙara tawa. Nig goge."

Wannan ce maganar da ta fi ƙona ta, har yau. Ba mugunta ba ce, ba kwaɗayi ba. Ladabi ne, irin wanda ake yabon yaro da shi a garin nan, ya ci mutum huɗu.

"Kwana bakwai ina jiran ki tambaye ni," in ji shi. "Na kasa hwaɗi, na kasa cire ta." Ya juya wajen Ɗantsoho ya durƙusa. "Baba, ka yahe min."

Tsohon ya dube shi. "Jirgi itace na, ɗana, ana sassaƙa wani. Tashi. Ba ni ad da abin yahewa babba ba a wurin ga."

'Yan sandan suka tashi daga benci. Babban cikinsu ya ce Alhaji da Shafi'u za su biyo su ofis, tsoho ya koma gida. Alhaji ya fara cewa a bari a yi magana ta manya, dattijon ya ce an gama ta manya.

"Ku dakata min kaɗan," in ji Ɗayyaba. "Ruwa bai gama wucewa ba bana. Akwatin ga yau za shi koma Gulma."

Ta jona kwamfuta a gaban kowa, ta goge layi taran, ta sa wa fayil ɗin hatimi. Ta kashe ta kunna, ta tambayi injin ko akwai abin da ke rataye. Ya ce babu. Ta miƙa wa Ɗantsoho sandar, shi ya tsoma ta da hannunsa.

Fitila ta ƙifta sau uku. Rumfar ta ɗauka gaba ɗaya, waya bayan waya, har na matan da ke tsaye a waje, har can cikin unguwa ana jiyowa.

Shafi'u na tsaye tsakanin 'yan sandan biyu. Wayarsa na kan tabarma tana kuka tare da sauran. Sai wata ta amsa daga aljihun ƙirjinsa, da ɗan sautin tsuntsu da Sadatu ta sa wa saƙonninta. Ya fito da ita, ya kasa dubawa, ya miƙa wa Ɗayyaba.

Ita ta rubuta kalmomin shekara biyu da suka wuce, Sadatu na gefenta tana cewa a taƙaita don tsofaffi. Ta karanta su a fuskar wayar ƙanwarta.

"Ruwa na tahe. Kada kowa ya shiga fadama."

Ta riƙe wayar har hasken ya mutu, sannan ta nufi gida ta kai wa Inna.